Zabin Ƙadri a Gidan Shari'a

Duk wanda ya taɓa kai ƙarar gona gidan shari'a na Tasawa ya san Malam Na Allah, dattijon nan mai karkatacciyar hula da ke zama gefen alƙali. Manomi ne, lakwal ma, wato makarantar boko, bai yi mai nisa ba. Amma in rikici na gado ne ko na gona, alƙali kan zauna da dattawan da suka san al'adar ƙasa, kuma da aka nemi irinsu sunansa ya fito. Tun ranar ya daina cin goro a bainar jama'a, wai bai dace a ga bakin shari'a ya yi ja ba. Matarsa Hafiza ta ce ko gishiri ne ya yi yawa a miya, sai ya ji ta bakin kowa kafin ya yi magana.

Wata damina taubashinsa Ƙadri na garin Maijirgi, wanda suke kiran juna bawa don wasa, ya samu saɓani da Ladi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gona jikin ta Ƙadri. A can gamba ake dasawa kan iyaka, Ladi kuwa ta ce gambar Ƙadri ƙafa gare ta, kowace shekara sai ta ɗan taka cikin gonarta. Maigari ya yi sulhu ya kasa, har magana ta kai Tasawa.

Ana gobe shari'a, Malam ya dawo daga masallaci ya tarar da tuwon gero da miyar zabi. Sai da ya siɗe ƙashi sannan ya tambaya.

"Hajiya, yau wace salla ake?"

"Ƙadri ne ya kawo gaisuwa, ba ka nan. Ya ce a gaishe mishi da bawansa."

Malam ya dubi akushi, babu abin da ya saura sai ƙasusuwa. Ya san Ƙadri bai ɗauki abin cin hanci ba, don a wurinsu ba a shiga gidan babba hannu sake. Mayar da kyautar ɗan'uwa cin fuska ne, balle wadda aka riga aka haɗiye. In ya yi shiru ya hau kujera, duk hukuncin da aka yanke za a ce zabi ne suka yanke shi, sunan da ya yi shekaru yana tattali ya zube. In ya faɗa kuma, ya tsinka taubashinsa gaban jama'a.

Da safe ɗaki ya cika. Ladi na zaune can baya ta rafka tagumi, don an riga an gaya mata dattijon da ke gefen alƙali dangin Ƙadri ne. Kafin a kira ƙara Malam ya miƙe, ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, yau ba ni zama. Wanga mutum ɗan kawuna ne. Kuma zabinai na cikin cikina tun jiya."

Ɗaki ya kaure da dariya. Alƙali, wani matashi da bai daɗe da zuwa ba, ya sunkuyar da kai yana gyaran murya.

"Ka san nasa ne ka ci, Baba?"

"Sai da na gama. Da na sani da ban ci ba, ko da yake miyar ta yi daɗi."

"Kai bawana," in ji Ƙadri daga inda yake, "yanzu gaisuwa ma laifi ta?"

"Gaisuwa ba ta da laifi, bawana. Rana ce ba ka iya zaɓe ba."

Aka kira wani dattijo ya hau kujerar, Malam ya koma benci cikin jama'a. Da aka je gona aka tona, aka iske tsohon tushen gamba can cikin gonar Ƙadri, aka mayar wa Ladi abinta.

Ƙadri ya yi fushi har kaka, ko a jana'iza sai ya kau da kai. Malam bai bi shi da ban haƙuri ba, bai kuma daina gaishe shi ba. Bayan an ɗaure dame Ƙadri ya sake jawo rikici, wannan karon kan gado da ƙannensa. Da maigari ya tambaye shi wa ya yarda ya raba su, ya daɗe yana susar gemu.

"A kirawo Na Allah," in ji shi. "Mugu ne, amma ba a saye nai."