Ranar da muka yi wa jirgin Baba ƙuri'a

Komai zan iya mantawa a rayuwata, amma ban da wata Juma'a da muka yi wa jirgin Babanmu ƙuri'a a gidanmu na unguwar Ruwais. Har yau in na tuna sai na yi dariya, daga baya kuma jikina ya ɗan yi sanyi.

Mu haifaffun Jidda ne. Kakanmu ne ya zo aikin hajji bai koma gida ba, ya kama sana'ar su a Bahar Maliya. Babanmu ya gaje shi, da ya rasu ya bar mana jirgin kamun kifi guda ɗaya, mu takwas da Hajiyarmu. A takarda jirgin na kowa ne, amma babban yayanmu ne ke riƙe da shi. Tun yana saurayi yake fita wajen wani ɗan tsibiri mai farin yashi, ya dawo da kifi ya kai kasuwa. Da kifin nan ya yi mana karatu, da shi ya aurar da mu.

Da manyan jiragen yawon buɗe ido suka fara tsayawa a tashar Jidda, sai na ga wasu masunta sun nemi izini, sun yi wa jiragensu rumfa da kujeru, suna kai baƙi tsibirai su yi ninƙaya. Ni kuwa mutum ne mai baki, in na kama magana ba na saki. Na bi 'yan'uwana ɗaya bayan ɗaya ina cewa mu ma mu juya namu. Biyar suka ce mini, "Wallah ka yi gaskiya, amma wa zai faɗa wa Yaya?" A gidanmu ba a musu da shi. Hajiya ma ko sunansa ba ta kira, don ɗan fari ne. Kowa ya san in aka juya jirgin, an raba Yaya da abin da ya sani duk rayuwarsa.

Ana cikin haka na ga labari a waya, wai mutanen wani tsibiri a ƙasar waje suna ta cacar baki, za su yi ƙuri'ar raba gardama kan ko a faɗaɗa tasharsu don ƙarin irin waɗannan jirage. Wasu na cewa aiki zai samu, wasu na cewa za a lalata duwatsun murjani na ƙarƙashin teku a kori kifi. Na ce to ga mafita, kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tare da ya dubi idon Yaya ba.

Ranar Juma'a bayan mun ci sayadiyya, shinkafa da kifin da Yaya ya kamo da hannunsa, na gyara murya na kawo maganar. Na yi dogon bayani har gahawata ta huce. Yayarmu mace, wadda ita kaɗai ba ta goyi bayana ba, ta ce baƙi za su cika tsibirin da robobi, kuma Baba bai bar mana jirgi don a riƙa ɗaukar hoto a ciki ba. Muka yi ta yi, da Hausa da Larabci. Yaya dai yana ta jan casbi.

"Ƙuri'a a cikin gida?" in ji Hajiya. "Sai ka ce ba uwa ɗaya ta haife ku ba. To, yalla, ku yi mu gani."

Aka ajiye butocin gahawa biyu a ɗakinta. Ta dama ta masu son a ci gaba da kamun kifi, ta hagu ta masu son ɗaukar baƙi. Kowa, har da Hajiya, zai ci dabino ɗaya, ya shiga shi kaɗai, ya jefa ƙwallon inda yake so.

Da layi ya zo kaina, na wuce ta gaban Yaya, idona ya faɗa kan hannayensa. Duk sun tsattsage, igiya da gishiri sun ci su. Na shiga ɗakin na tsaya da ƙwallo a hannu. Na lissafa a raina cewa ina da mutum biyar, ko ba ni mun riga mun ci. Me zai sa in bari a ga Yaya da ƙuri'a biyu ko uku tal a gaban ƙannensa? Sai na jefa a dama, ni da na kawo maganar. Na fito ina jin na yi dabara.

Hajiya ta zazzage butocin a faranti. Ta dama ƙwallo takwas, ta hagu ɗaya. Ashe lissafin da na yi, shi kowannensu ya yi.

Duk suka juyo suna kallona, don sun ɗauka ɗayan nan tawa ce. Autarmu ta ce, "Sannu, shugaban adawa, ko jam'iyyarka ba ta zaɓe ka ba."

Sai Yaya ya ajiye casbinsa. "Ku ƙyale shi. Ni na jefa."

Duk muka juya gare shi.

"Shekara biyu ke nan idona ba ya gani sosai da asuba," in ji shi. "Gwiwoyina ba sa ɗaukar jan raga. Na kasa faɗa, kar a ce ni na kashe sana'ar Baba. Da yaron nan ya kawo maganarsa, na ce alhamdu lillahi, yau za su kayar da ni in huta da mutuncina. Sai ga shi kun taru kun sake ɗaure ni a teku. Haba, ya jama'a!"

Autarmu ce ta fara fashewa da dariya, muka bi ta, har shi. Hajiya kuwa tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Ni kunya ce ta kama ni, don na yi wata uku ina zagaye gidaje a kan maganar mutumin nan, ban taɓa zama na tambaye shi lafiyar jikinsa ba.

Ba a sake ƙuri'a ba. Hajiya ta ce, "Halas, magana ta ƙare, ɗayan nan ta rinjayi takwas." Yaya ya kafa sharuɗɗansa: ba za a sauke ƙugiyar tsayar da jirgi a kan murjani ba, ba wanda zai bar ko leda a tsibirin, kuma ranar Alhamis jirgi nasa ne, zai fita ya kamo kifin Juma'a. Haka muke har yau. Yana zaune a inuwar rumfa riƙe da sitiyari, sai rana ta fito yake tayar da jirgi, kuma baƙi na jin tsoron faɗansa fiye da yadda muke ji.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kunyar babba abu ce mai kyau, amma ba ta isa ta zama kulawa ba. Mu takwas mun so Yaya har muka kusa cutar da shi, don kowa ya yanke abin da yake so ba tare da ya ji daga bakinsa ba. Tun daga ranar, in zan yi wa mutum gata, sai na fara zama kusa da shi na tambaye shi.