Iyayen da na tura biɗa

Shekarun baya, ina aji biyu a kwalej nan Dakoro, ni ne tafintan gidanmu. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Duk fim ɗin da aka sa a tele, in da Faransanci ne, sai in jawo kujera gaba in riƙa juya wa mutanen gida maganar zuwa Hausa. Tsakanina da Allah, cikin kalma goma uku nake kamawa, sauran bakwai ɗin daga kaina suke fitowa. Amma ina faɗa da ƙarfi ba ko ƙifta ido, kuma ba wanda ya taɓa kama ni.

A shekarar ne 'yar ƙanwar mahaifiyata ta dawo gidanmu daga Korahane. Mahaifinta ya rasu da damina, mahaifiyarta ta bi shi tun ba a gama kai hatsi rumbu ba. Shekarunta goma sha ɗaya, doguwa, ba ta da yawan magana. Ranar da za a kawo ta, mahaifiyata ta tara mu ta ce, "Ƙanwarku ce. Duk wanda na ji ya ce mata marainiya, ko ya tada mata zancen iyayenta, ni da shi ne." Muka bi umarnin har muka wuce gona da iri. Wata bakwai ba wanda ya ambaci sunan iyayenta a gidan, kamar ba a taɓa yin su ba. Ita kuma tana ci, tana zuwa lakwal, wato makaranta, tana gaishe da kowa, amma ban taɓa jin dariyarta ba.

Wata Asabar bayan azahar abokina ya ba ni aron faifai, ya ce fim ɗin basket ne, wato ƙwallon kwando, na iyali, ba abin kunya ciki. Ban taɓa ganinsa ba, amma wannan bai taɓa hana ni fassara ba. Muka zauna a ɗakin mahaifiyata, tana ɓarar gyaɗa, ga kakata, wato mahaifiyar babana, ga ƙanwar tawa a kan tabarma.

Kakata ce ta fara. "Wai angona, wanga kwando ba shi da gindi? Su jehwa shi hwaɗo, su jehwa shi hwaɗo. Ba mai hankali guda da za shi ɗinke shi?"

Ina cikin yi mata bayanin dokokin wasan, waɗanda rabinsu nan take na ƙirƙiro, sai wani mutum a fim ɗin ya nuna yaron da labarin yake a kansa ya ce orfelan. Wannan kalmar kam na san ta. Maraya. Na saci kallon ƙanwata, idonta na kan tele.

"Mi yac ce?" in ji kakata.

"Ya ce iyayen yaron sun tahi biɗa, neman kuɗi, Kaka. Wata ƙasa mai nisa."

"Su ma can suna tahiya biɗa?"

"Ƙwarai ma. Sun hi mu."

Na ji daɗin kaina ba kaɗan ba. Na ceci yarinya, na kiyaye dokar mahaifiyata, duka a numfashi guda. Abin da ban lissafa ba shi ne kakata ba ta sakin zance. Aka nuno yaron riƙe da hoto yana kuka, na ce iyayen ne suka aiko masa. Ta ce, "Hoto za shi ci?" Aka zo ranar wasa, kowane yaro yana ɗaga wa iyayensa hannu a cikin 'yan kallo, shi yana ɗaure takalmi kansa a ƙasa. Kakata ta tsuke baki. "Waɗanga ba iyaye ba ne. Ka haihi ɗa kamar wanga, ka yar da shi kamar tsumma, ka tahi biɗar duniya?" Ni kuwa na ci gaba, don a ganina na riga na yi nisa.

Sai yaron ya ɗauki rigar wasansa ya tafi wani fili mai ciyawa da fararen duwatsu a jere. Ya durƙusa gaban guda biyu yana magana a hankali.

"Garkar ubanshi ce," na ce, "ya zo shi duba shuka."

"Allah wadan uban da..."

"Kaka, ki bar zagin su."

Ƙanwata ce. Muryarta ba ta tashi ba, amma har mahaifiyata ta daina ɓarar gyaɗa.

"Ba su yar da shi ba. Mutuwa sunka yi. Nan aka bizne su." Ta juyo ta dube ni. "Tun hwarko an ce orfelan. Na san kalmar, Yaya. Ita mushe, malaminmu na lakwal, ya rubuta gaban sunana."

Ko a nan ban saduda ba. Na buɗe baki na ce, "Ai wani lokaci kalmar tana nuhin..." Ban ƙarasa ba, don kallon da mahaifiyata ta yi mini ya ishe ni. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ture tiren gyaɗar, ta buga tabarma kusa da ita ta ce, "Taho nan, ɗiyata. Hwaɗa muna abin da yake ce masu."

Ta matso ta fassara, tiryan-tiryan, ba ƙari. Ashe yaron gaya musu yake an ɗauke shi cikin 'yan wasa, kuma takalmin da aka ba shi yana matse masa yatsa. A kan zancen takalmin muryarta ta karye. Kakata ta ɗaga hannu biyu sama ta ce, "Allah shi jiƙan su. Na ɗauki alhakin bayin Allah ina zamne." Duk muka ce amin, ga mutanen cikin fim.

Mahaifiyata ta share idonta da bakin zane, ta ce, "Uwarki sak. Ita ma in ta ji ana ƙarya ba ta iya yin shiru. Sau nawa ta sa anka buge ni muna yara." Ta kuma kira sunan ƙanwarta, karo na farko cikin wata bakwai. Yarinyar ta yi dariya da hawaye a fuska, ta riƙe mata hannu ta ce, "Inna, mi kuma? Mi kuma ta yi?" Har aka kira la'asar suna nan, mahaifiyata na ba da labari, ita tana ƙara tambaya. Fim ɗin ya ƙare shi kaɗai. Har yau ban san ko su yaron sun ci wasan ba.

Na daɗe ina jin kunyar ranar nan, yanzu kam na daina. Niyyata mai kyau ce, ta mahaifiyata ma haka, amma mun ɗauka in muka yi shiru zafin zai ragu, alhali barin ta muka yi tana ɗauke da shi ita kaɗai. Tun daga lokacin, in na je gaisuwar rasuwa na tarar da yaro, ba na tsayawa ga "ka yi haƙuri". In an kwana biyu nakan koma in ce ya ba ni labarin babansa. Ban taɓa samun wanda ya ƙi ba.

Ƙanwar tawa yanzu ta girma, tana da 'ya'yanta. Bara da salla na tuno mata zancen muna dariya, na ce ai don kar in tuna mata ne na yi ƙaryar. Ta daina dariyar ta ce, "Yaya, ku kuna tsoron ku tuna mani. Ni kuwa kullum tsoro nike ko kun manta da su."