Tambayar da Na Amsa da Bulala

"Malam, ba kai ne ka koya mana kimiyya a Gumel ba?"

Wata mata ce ta tambaye ni jiya a motar haya, a hanyata ta zuwa Idu da ke Abuja, inda nake tsaron sito tun da alli ya kasa ciyar da ni. Ta ce sunanta Saratu, yanzu ita ma kimiyyar take koyarwa.

Nan take na tuna ranar. Na rubuta a allo cewa ƙwayar zarra ba ta rabuwa, yadda na kwafo daga tsohon littafina. Ta ɗaga hannu ta ce, to ilektiron ɗin da na ce suna cikinta fa? Ban san amsa ba. Na ce raini ne, na yi mata bulala uku.

Na ce, "Saratu, ke ce da gaskiya. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na yafe tuntuni, Malam. Su ma masanan sun ɗauka ƙwayar zarra dunƙulalliya ce kamar tsakuwa, sai gwaji ya nuna musu cibiya ce 'yar mitsitsiya a tsakiya, saura kusan duk fili ne, suka amsa kuskurensu. Abin da ya dame ni, daga ranar ba wanda ya sake ɗaga hannu a ajinmu."

Kullum ina zagin manyan Abuja da ba sa amsa laifi. Ashe nawa na nan a kwance shekara da shekaru.

Malamai, a cikinku wa ya taɓa dukan tambayar da ta fi ƙarfinsa?