Gidan Ƙarshe na Kumasi

"Kin ga gidan can? Shi ne na ƙarshe a Kumasi," in ji Baba. "Matafiyi ba ya fara sallar kasaru sai ya bar gidaje a baya."

Gab da samun 'yancin kai ne, mun taso daga Zango a lori za mu Akra. Gabanmu gonakin koko ne har Ejisu.

Na ce, "Baba, in an gina wani a gabansa fa?"

Ya yi dariya. "Sai mu matsa kaɗan."

Jiya na bi hanyar da azahar, ina ta zuba ido in ga gidan ƙarshe. Har muka tsaya a Ejisu, shago na jingine da shago. Raka'a huɗu na yi cif, ban yi kasaru ba.

Allah ya jiƙan Baba, "kaɗan" ɗinsa ya cinye gonakin kaf. Ku a garinku, ina gidan ƙarshe yanzu?