Rodin Yaya a Tsakar Gidanmu

A shekarar da gwamnati ta ƙayyade farashin ƙarafan gini da ake shigowa da su daga waje, ina zaune a gidan su mijina a Dala, tsohon gida mai sassa da yawa da rijiya a tsakiya. Uwar mijina, wadda kowa ke ce wa Hajiya, tana da rai a lokacin. Babban ɗanta, wan mijina, yana sayar da rodi da kwanon rufi a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma shi ke kawo hatsin gidan. Dukkanmu Yaya muke ce masa.

A rediyo muka ji sanarwar, ina tankaɗen gari. Aka ce rodi da kwano da ƙusa kowanne an sa masa iyakar kuɗin da ba za a wuce ba, wanda aka kama ya wuce za a rufe masa shago. Hajiya ta ce madalla, yanzu talaka ma zai yi rufi. Da Yaya ya shigo gaishe ta da yamma ta maimaita masa.

Ya ce, "Hajiya, abin da suka yanka ko kuɗin sari bai kai ba. Kayan da aka sauke min kwanan nan da dalar Amurka aka sayo su. In na sayar yadda suka ce, shagon ya tashi ke nan."

Ta ce Allah ya kyauta, ta ci gaba da jan carbinta.

Ba a daɗe ba jami'ai suka fara zagaya kasuwa. Wata safiya ina haɗa wa yara karin kumallo sai na ji hayaniya a soro. 'Yan kura ne suka turo rodi, don mota ba ta shiga lungunmu. An lanƙwasa shi gida biyu, amma duk da haka sai da aka cire ƙyauren soro kafin ya shige. Mu mata aka ce mu koma ɗaki. Da muka fito, rodi ya kwanta daga bakin rijiya har gindin tagar Hajiya, an lulluɓe shi da tampol.

Muka koyi zama da shi. Na mayar da murhuna bayan ɗakina. Mai zuwa ɗiban ruwa sai ta zagaya. Kaji suka riƙa shiga ƙarƙashin tampol suna ƙwai, mu zura hannu mu lalubo. Da damina ta sauka, jan ruwan tsatsa ya riƙa bin siminti zuwa magudana, duk zanen da ya faɗo daga igiya ya gama yawo, tabon ba ya fita ko da sabulu nawa. Wani farin mayafina haka ya tafi. Ban yi magana ba, don babu wanda yake yi.

A kasuwa kuwa, mijina ya ce in ka shiga layin 'yan rodi sai ka ga masu shago zaune a benci, kaya babu. Ka tambaya a ce ya yanke. Wanda aka sani ne ake ja gefe a yi magana da shi.

Cikin damina ruwa ya rusa bangon shagon maƙwabcinmu, wani dattijo tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda gidansa ke jikin namu. Ya yanke shawarar ya sake ginin da bulo, magini kuma ya ce sai da rodi a saman ƙofa da taga. Duk lungun ya ga ranar da kaya suka shigo. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya yi sallama da Yaya a soro. Ina shanya a kusa, na ji su.

"Alhaji, 'yan ƙwarori nake so, ba da yawa ba. A kan kuɗin da aka faɗa a rediyo."

"Malam, a wannan kuɗin ba zan iya ba. In na sayar maka yau, gobe unguwar nan gaba ɗaya tana ƙofar gidan nan. Amma ka turo a ɗauki abin da kake buƙata, kyauta na ba ka."

Malam ya ce, "Ba roƙo na zo ba, Alhaji. Saye na zo yi, kamar yadda hukuma ta ce."

"Hukuma ba ta sayo kayan ba, Malam."

Suka yi sallama cikin ladabi, ya tafi. Da Hajiya ta ji, ta kira Yaya ta ce a bi shi da rodin har gida, maƙwabci ne tun zamanin mahaifinsu. Aka kai. Kafin la'asar Malam ya sa an dawo da shi, da saƙon godiya. Ƙarshe da katako ya yi saman ƙofarsa. Shi da Yaya ba su daina gaisawa ba, amma matarsa ta rage shigowa wurinmu, sai in suna ko rasuwa.

Ban taɓa jin an sanar da janye dokar ba. Jami'an ne dai suka rage zuwa, daga baya suka daina, shaguna suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, farashi kuma ya ɗara na da. Bayan girbi 'yan kura suka dawo, aka sake cire ƙyauren soro. Rodin ya yi ja sosai, na ƙasa ma har yana ɓarewa. Mijina ya ce masu saye suna ta kushe shi, sai da Yaya ya sauke kuɗi kafin ya ƙare.

Daga nan Yaya ya bar sarin na waje ya koma wanda ake yi a cikin ƙasa. Da ƙanwarsu ta tashi gina gidanta a bayan ganuwa, a wurinsa ta sayi rodi, ni na raka ta kasuwar. Shagon ƙarami ne, bai kai yadda na zata ba. Ya sa aka kawo mana fura mai sanyi, muka sha a tsaye ana loda kaya a kura.