Nonon Inna Kaltume

A Illela, idan gidaje biyu masu ji da kansu suka ɓata, ba alƙali ake fara nema ba, Inna Kaltume ce. Sana'arta sayar da fura, amma ainihin aikinta haɗa aure, kuma ba auren kowa ba, sai na masu rawani da manyan fatake. 'Yarta Sadiya, malamar makaranta, ta taɓa gaya mata cewa haka sarakunan Turai na dā suke kashe yaƙi, wannan ya ba wancan 'yarsa. Kaltume ta taɓe baki, ta ce ai su da wasiƙa suke yi, ita kuwa da ƙafarta.

Aikin da ya fi cin ranta shi ne na wani maigari a yankin Garu da Alhaji Dabo, attajirin da motocinsa ke kai albasa Ƙonni. Shekara ashirin ba sa ga-maciji saboda wata fadama. Kaltume ta lura Lubabatu, 'yar maigari mai aikin jinya, da Bashar ɗan Alhaji suna son juna, ta ɗaura ɗamara. Damina uku tana zarya, yau a ce maigari na barci, gobe a ce Alhaji ya ƙetara. Ta sha zagi, ta haɗiye. Da ƙyar aka karɓi goro.

Sai dai a fada akwai Mukhtari, bafaden da ya daɗe yana yi wa ɗansa tanadin Lubabatu. Bai yi gardama ba, har albarka ya sa. Tsofaffi ya riƙa bi yana gaisuwa, har ya samo abin da yake nema.

Kowa ya san Kaltume ta shayar da Lubabatu lokacin da uwarta ke jinya. Abin da aka manta shi ne wata ranar kasuwa da marigayiya uwar Bashar ta bar mata shi ta tafi asibiti, ya yi ta tsala kuka.

Aka kira Kaltume gaban liman. Ya bayyana mata cewa ko tsotso ɗaya ne, sun zama wa da ƙanwa. Tsohuwa guda ce ta ce ta ga ta ba shi nono, ita ma ido ya yi mata rauni. Da a ce Kaltume za ta ce a'a, da magana ta ƙare.

"Inna, mi kika tuna?" in ji liman.

Ta dubi Mukhtari yana jan carbi kamar mutumin kirki. Ta tuna sarai, har zanen da ta ɗaura ranar.

"Malam, na ba shi. Yaro na kuka, mi zan yi?"

Washegari aka mayar da goro. Lubabatu ta zo har gida, ta zauna bakin tabarma. Ta ɗago ta tambayi Inna yadda za ta riƙa gaida Bashar daga yau.

"Wanki ne, Yaya za ki ce mashi," in ji Kaltume.