Ranar da Efrain Ya Ɗaga Kai

Duk wanda ya san Efrain Barragan ya san shi da kai a sunkuye. Ba kunya ba ce, sabo ne. Litinin zuwa Asabar yana jigilar lemo daga gonakin Riverside, ranar Lahadi kuwa sai ya tsaya a filin tseren kekunan yara, daidai layin ƙarshe, ya zuba wa ƙasa ido. Tayar da ta fara taka layin ita ta ci. In Efrain ya ce ɗan wane ne, ko uban da ya fi kowa baki sai ya haɗiye maganarsa. Matarsa Ofelia takan ce ta auri mutumin da ya san takalman kowa a unguwa, amma bai san launin rufin gidansa ba.

A filin nan 'yarsa Yolanda ta tashi, tana barin maza da ƙura. Tana cika shekara sha bakwai ta yi watsi da tseren, ta koma wurin wani Dewey, mai ramin siminti kamar ƙatuwar ƙwarya. Don masu zamiya a kan katako mai ƙananan tayoyi aka gina shi, 'yan keke suka mamaye. Can ba ka bin kowa, ba mai bin ka. Ka gangara, ka haye bango, ka tashi sama, ka juyo.

"To wa ke ci?" in ji Efrain, yana yagar gurasar tortiya.

"Baba, ba layi ake nema ba."

"Wasan da ba shi da ƙarshe ai shiririta ce. Biri ma yana tsalle."

Bai taɓa leƙa wurin ba, abin kuwa yana cin ran yarinyar ƙwarai, don idonsa kaɗai take so.

A bazarar 1981 Dewey ya shirya gasa, har da alƙalai da kofi. Lokacin abin sabo ne, ba wanda ya san yadda ake auna shi, sai ya kafa doguwar sanda a bakin ramin, ya zana mata ƙafa-ƙafa da fenti. Saura mai karantawa, wanda ba a musu da shi.

"Layinka ne dai, tsoho, miƙar da shi muka yi tsaye," ya ce wa Efrain. "Ka faɗi inda taya ta kai, shi ke nan."

Da haka aka shawo kansa. Ranar gasa ya tsaya gefen sanda cikin rana, rediyo na ta kiɗa. Kowa tashi ɗaya ake ƙirga masa. Samari suna wucewa fuu, yana faɗa: "Ƙafa biyar! Biyar da rabi!" Ko fuskarsu bai kalla ba, taya da fenti kawai.

Aka kira Yolanda. Ya ji gurnanin tayoyinta a cikin ramin, ta haye wancan bango ta dawo, ƙarar na ƙaruwa. Sai kuma ɗif, ƙarar ta ɗauke. Shirun nan ne ya sa ya ɗaga kai.

Ikon Allah! Ga 'yarsa can bisa kansa, ba abin da ke riƙe da ita. Ta kwantar da keken a iska kamar faranti, kitsonta ya miƙe, rana na ratsa wayoyin tayar. Fuskarta kuwa lumui, irin ta lokacin da take barci a ƙirjinsa tana jaririya. Tsoro ya kama shi, wani daɗi ya biyo baya. Ta juyo, ta dira lafiya, wurin ya kaure da ihu.

"Nawa?" in ji Dewey.

"Ban gani ba."

"Haba, tsoho! Faɗi wani abu mana, kowa ya ga ta fi su."

"Kowa ya gani, ni ban ga sanda ba. Abin da ban gani ba kuwa ba na faɗa."

Haka aka ba wani yaro kofin. Yolanda ta taho da hular kwano a hannu, idanu jawur.

"Yau ɗaya na buƙaci idon nan naka, Baba! Yau ɗaya! Me kake kallo?"

"Ke," ya ce. "Ashe abin da kike yi ke nan, ni ina can ina gadin ƙasa?"

Ta juya hular kwanon a hannunta.

"Na jawo miki asara, 'yata. Amma don Allah ki sake. Ba don sandar ba."

Ta goge hanci da bayan hannu, ta kifa hular. "To matsa baya, kar in kwashe maka kai."

Mutane sun fara watsewa, Dewey har ya tumɓuke sandarsa. Efrain bai matsa ba. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya ɗaga fuska sama yana jiran ta.